Shin Dunƙule Yana Gadon Siffofin Sassansa a Lojban?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Ga da'awar da nake so a baje a faifai: wai a Lojban, ƙirƙirarren harshen nan na manɗiƙi, da zarar ka dunƙule abubuwa da *lei* ko *loi*, wato kalmomin da ke mai da su taro guda, duk siffar da ɗaya daga cikinsu yake da ita ta zama ta dunƙulen. A ce mutum uku ne a ɗaki, ɗaya ya yi barci, biyu idonsu biyu. Masu wannan ra'ayi sun ce *lei ci prenu cu sipna*, dunƙulen mutum ukun yana barci, gaskiya ce, kuma *lei ci prenu cu cikna*, yana farke, ita ma gaskiya ce, a lokaci guda. Abin da ya ɗaure mini kai, harshen da aka gina kan manɗiƙi, ya za a yi ya yarda abu ɗaya yana barci kuma yana farke? Doka ce wannan, ko gurguwar fahimta ce ta yaɗu?

Na-Littafi: Wa alaikumus salam. Doka ce, ɗan'uwa, a rubuce take. Babban littafin nahawun Lojban na John Cowan, wanda ya fito a 1997 kuma muke kira CLL, ya yi maganar a babi na 6, sashe na 3. A can an kasa gadri, wato ƙananan kalmomin da ke zuwa gaban abin da ake magana a kansa, gida uku: *le* da *lo* da *la* na ɗaiɗaiku, *lei* da *loi* da *lai* na dunƙule, sai *le'i* da *lo'i* da *la'i* na rukuni irin na lissafi. Misalin da aka kafa hujja da shi na ɗaukar fiyano ne. In ka ce *le ci prenu cu bevri le pipno*, ka yi iƙirarin kowane ɗaya cikin ukun ya ɗauki fiyanon shi kaɗai. In ka ce *lei ci prenu cu bevri le pipno*, taron dangi suka yi mata. Daga nan littafin ya ce dunƙule yana da siffofin kowane mutum da ke cikinsa, kuma yana iya samun wasu nasa na kansa. Har misali ya ba da: in ɗaya fari ne ɗaya baƙi, daidai ne a ce dunƙulen fari ne kuma baƙi ne.

Amma bai saki zancen ba linzami ba. Ya ce siffofin da suka dace da dunƙulen kaɗai ake gada, don wauta ce a ce taron mutum biyu ƙanƙane ne kamar ƙwayar zarra saboda kawai jikinsu da irin waɗannan ƙwayoyi aka yi shi. Kuma dokar tana da amfani. A cikin masu fiyanon nan, wataƙila na ukun ƙofa kawai ya riƙe yana cewa a karkata hagu. Duk da haka su ukun ne suka kai ta. Ba don dunƙule yana ɗaukar aikin sassansa ba, da ba mu da hanyar faɗin wannan.

Mai Awo: Malam, to bari mu hau sikeli, shi ba ya son kai. Maza uku: ɗaya kilo 60, ɗaya 70, ɗaya 80. Kalmar ita ce *ki'ogra*, x1 nauyinsa kilo x2 ne (x1 da x2 su ne gurbi na farko da na biyu na kalmar). Nauyi siffa ce da ta dace da dunƙule, babu mai musun wannan, domin in za su shiga lif tare nauyin dunƙulen ake tambaya. Ba zancen ƙwayar zarra ba ne. To bisa dokar gado, *lei ci nanmu cu ki'ogra li xano* gaskiya ce, *li zeno* gaskiya ce, *li bino* ma gaskiya ce, alhali sikeli ya nuna 210, wato *li repano*. Dunƙule ɗaya, nauyi huɗu. Wanne za a rubuta a jikin lif?

Na-Littafi: Ranki ya daɗe, kin tsallake sashe na 7 na babin. Kowane gadri yana da kalmar adadi ta waje da ake ƙaddarawa ko ba a furta ba. Ta *le* ita ce *ro*, "kowane", ta *lo* ita ce *su'o*, "aƙalla ɗaya", ta *lei* da *loi* da *lai* kuwa *pisu'o* ce, ma'ana "wani yanki na". Saboda haka *lei ci nanmu cu ki'ogra li xano* cewa take wani yanki na dunƙulen kilo 60 ne, kuma haka ne. In kina son duka, sai ki furta *piro*: *piro lei ci nanmu cu ki'ogra li repano*, amsa ɗaya tak. Da wannan ne *loi cinfo cu xabju le fi'ortu'a* ta zama gaskiya, zakuna suna zaune a Afirka, duk da akwai wasu a gidajen namun daji na wasu nahiyoyi. Haka *loi matne cu ranti*, man shanu yana da taushi, ko da wanda ke cikin firji ya daskare ya yi tauri.

Mai Awo: Madalla, ai nan nake jiran ka. Ka ga da bakinka ka sauya da'awar. Da farko cewa aka yi dunƙulen yana da siffar. Yanzu cewa kake wani yankinsa yana da ita. Waɗannan magana biyu ce. Ta biyun ba gado ba ce ko kaɗan: mai kilo 60 yana da kilo 60, shi ke nan, babu abin da ya hau sama zuwa ga dunƙulen. Kuma da ka kira dunƙulen da kansa da *piro*, sai ga shi bai gaji 60 ba, bai gaji 70 ba, 210 ɗinsa yake da shi. Wato a daidai wurin da za a gwada dokar, a nan ta faɗi.

Sannan *pisu'o* ta fi yadda ka ɗauka sako-sako. Yankunan da za a iya haɗawa daga mutum uku guda bakwai ne: 60, 70, 80, sai 130, 140, 150, sai 210. Duk bakwai ɗin jimlar ta amince da su. In mutum goma ne, haɗe-haɗen sun kai 1023. In kuma aka bari yanki ya gangara ƙasa da mutum guda, hannu ko ƙafa, to kowace lamba daga sama da sifili zuwa 210 ta shiga. Jimlar da kusan kowace lamba ke gaskata ta, me ta gaya wa mai sauraro?

Almajirin Manɗiƙi: Malama ta taɓo inda yake ciwo. Wannan rarrabewa ba sabuwa ba ce, malaman manɗiƙi na Larabci sun daɗe da yanke ta, kuma Al-Akhdari ya ware mata fasali guda a Sullam tun ƙarni na 16. Kalmomi huɗu ne. Kulliyya ita ce hukunci a kan kowane ɗaya, wannan ita ce *ro*. Juz'iyya hukunci ne a kan wasu daga ciki, wato *su'o*. Kullu kuwa hukunci ne a kan taron a haɗe, kamar a ce ƙabila kaza suna ɗaga ƙaton dutse, ba wai kowa shi kaɗai ba. Juz'u shi ne yankin da aka haɗa kullu da shi, abin da Lojban ke kira *pagbu*. Abin lura, ukun farko hukunce-hukunce ne, na ƙarshen kuwa abu ne, ba hukunci ba. Abin da *pisu'o lei* ta yi shi ne ta ɗauki juz'iyya a kan juz'u ta sa mata rigar kullu. Mai karatu ya ga *lei* ya zaci dunƙule ake yi wa hukunci, alhali yanki ake nema.

Akwai gwajin da ke tona wannan. Tsakanin *ro* da *su'o* akwai ƙa'idar musanya: *naku ro da broda* daidai take da *su'o da naku broda* (*naku* kalmar korewa ce, *broda* kuma tana tsaya wa kowace siffa). In ba kowa ba ne, to akwai wanda ba shi ba ne, kuma in akwai wanda ba shi ba ne, to ba kowa ba ne. Gwada wannan da *piro* da *pisu'o* a kan mazan Malama. *piro lei ci nanmu cu ki'ogra li repano* gaskiya. *pisu'o lei ci nanmu naku ki'ogra li repano*, akwai yankin da ba 210 ba ne, ita ma gaskiya, ga mai kilo 60 nan tsaye. Da su biyun tagwaye ne irin *ro* da *su'o*, da waɗannan jimloli ba za su taɓa zama gaskiya tare ba. Ke nan *piro* ba "kowane yanki" take nufi ba, tana nuna abu ɗaya ne, shi ne dukan. Siffarsu ce kawai ta yi kama, aikinsu daban.

Mai Tambaya: To Malam, ina batun saɓanin da na fara da shi? In *lei* tana dakatar da manɗiƙi kamar yadda ake faɗa, ai an shiga uku, tunda a manɗiƙin gargajiya in ka yarda da magana da kishiyarta, kowace magana a duniya za ka iya fitar da ita daga ciki.

Almajirin Manɗiƙi: Kwantar da hankalinka, saɓanin na ido ne. Dubi inda *na* take aiki. A tsarin CLL, *na* da ke gaban selbri, wato kalmar da ke ɗauke da aiki ko siffa, tana kore jimlar gaba ɗayanta, kamar an ɗauko *naku* an kai farko. Saboda haka *lei ci prenu na sipna* ba ta cewa wani yanki ba ya barci. Cewa take ƙarya ne a ce akwai yankin da ke barci, wato babu ko ɗaya. A ɗakin naka wannan ƙarya ce, tunda ɗaya ya yi barci. To *lei ci prenu cu sipna* gaskiya, kishiyarta ta haƙiƙa ƙarya, manɗiƙi yana nan daram. Wadda ke tafiya tare da ita ita ce *lei ci prenu naku sipna* ko *cu cikna*, kuma babu rikici, domin yankin da ke barci daban, mai farke daban.

Inda ƙafa ke zamewa shi ne *gi'e*, "kuma" mai haɗa selbri biyu a jimla ɗaya. In ka ce *lei ci prenu cu sipna gi'e cikna*, *pisu'o* ɗaya ce ta rufe selbri biyun, saboda haka yanki guda ake buƙata mai barci kuma mai farke. Babu mutum irin wannan a ɗakin. In ka ce ai yankin shi ne mai barcin haɗe da wani mai farke, to ka dawo da tambayar gado ta ƙofar baya, domin sai ka nuna dalilin da ya sa wannan ƙaramin dunƙule ya gaji siffofin biyu. Shi ya sa raba jimlar *gi'e* zuwa jimla biyu da *.ije* ba ya da haɗari in sumti ɗin, wato wanda ake magana a kansa, *mi* ne ("ni") ko suna, amma in akwai ɓoyayyiyar *pisu'o* a gaba, ma'anar tana iya sauyawa a hannunka ba ka ankara ba.

Xorlo Zalla: Ku yi haƙuri, amma duk wannan wahalar an riga an yi maganinta. Bayan wa'adin shekara biyar na daskarar da harshen ya cika a 2002, kwamitin tsara harshen, BPFK, ya sake duba gadri, aka karɓi gyaran da Jorge Llambías ya kawo, wanda ake kira xorlo daga laƙabinsa xorxes da kalmar *lo*. Abu biyu ya yi da suka shafe mu. Na farko, ya cire duk wata kalmar adadi da ake ƙaddarawa. Babu ɓoyayyiyar *ro*, babu *su'o*, babu *pisu'o*. Na biyu, ya fassara sauran gadri da selbri na yau da kullum: *loi broda* shi ne *lo gunma be lo broda*, *lo'i broda* kuma *lo selcmi be lo broda*. To ku karanta ma'anar *gunma*: x1 tari ne ko ƙungiya ko duka wanda sassa x2 suka haɗu suka yi. Ina maganar gado a ciki? Babu. *gunma* dangantaka ce tsakanin abu da sassansa, kamar yadda *rirni* take tsakanin mahaifi da ɗa. Babu wanda ke cewa tunda ɗan gajere ne, nahawu ya wajabta mahaifin gajere ne.

Kuma galibi ma ba ka buƙatar *loi*. *lo ci nanmu cu bevri lo pipno* ba ta ce kowa shi kaɗai ba, ba ta ce a haɗe ba, maza uku ne ake magana a kansu, sun ɗauki fiyano. In kana son kowa da kansa, ka sa *ro* a gaba. Amfanin wannan yana fitowa a jimla mai gauraye: *lo mu nanmu cu cisma gi'e lafti lo karce*, maza biyar suna murmushi suna ɗaga mota. Murmushin na kowa da fuskarsa ne, ɗagawar kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa *ro*, ka ce kowa ya ɗaga mota shi kaɗai. Sa *loi*, ka ba wa tari fuska da haƙora. A tsohon tsari dole ka zaɓi ɗaya cikin kuskure biyun, ko ka fasa jimlar. Ina ganin dokar gado ma daga nan ta samo asali: an tilasta wa mutane shiga dunƙule don su ɗaga motar, sai aka rasa yadda za su yi murmushi, sai aka ce to dunƙulen ya gada.

Na-Littafi: Wannan ba magani ba ne, ɗan'uwa, share ƙura ne zuwa ƙarƙashin tabarma. Kun ce *lo* ba ta ce komai ba, mahalli zai nuna. To in mahalli ne zai yi aikin, me ya raba mu da kowane harshe? Kuma kuna zargin sharaɗin "siffar da ta dace" da rashin tabbas, alhali naku ya fi shi faɗi. Sannan ku amsa mini wannan: babi na 7 ya ce *mi'o* da *mi'a* da *ma'a* da *do'o* duk dunƙule ne, alhali wakilan suna ne irin "mu" da "ku", *mi'o* daidai take da *mi joi do*, ni da kai a dunƙule. In ƙungiyar ƙwallo ta ci, mutum ɗaya ne ya buga ta shiga raga, goma ba su taɓa ta a wannan bugun ba, amma kowa cewa yake *mi'a* muka ci. Aikin ɗaya ya zama na sha ɗaya. In wannan ba gado ba ne, mene ne sunansa?

Xorlo Zalla: Sunansa dokar ƙwallo. Dokar wasan ce ta ce ƙwallon da ta shiga raga ana rubuta wa ƙungiya, ba *joi* ce ta ce ba. Shi wannan ɗan wasan in kansa yana ciwo, ƙungiyar ba ta ciwon kai. In shekararsa 19, ƙungiyar ba shekararta 19 ba. In aka ba shi katin gargaɗi, shi aka ba. Gadri ɗaya, mutum ɗaya, ƙungiya ɗaya, amma wata siffar ta hau wata ta ƙi hawa. Abin da ya bambanta a jimlolin nan selbri ne kaɗai, to a can dalilin yake. Game da rashin tabbas kuwa, akwai bambanci tsakanin jimlar da ta yi shiru a kan abu da dokar da ta faɗi ƙarya sannan ta nemi afuwa. *lo* shiru ta yi, kuma in kana so ta yi magana ga *ro*, ga *su'o*, ga *gunma*.

Mai Awo: Bari in ɗora a kan wannan, domin a nan aikin yake. Ɗauki mota da sassanta, ka bi selbri ɗaya-ɗaya. *pencu*, taɓawa: in ka taɓa taya ka taɓa mota, yanki ɗaya ya isa. Wannan irin su ne wake ɗaya mai ɓata gari, kuma su ne ke ruɗin mutane su zaci dokar ta game ko'ina. *nenri*, kasancewa a ciki: taya ɗaya a cikin gareji ba ta sa mota tana ciki ba, sai duk sassan sun shiga. Ita wannan har gangarowa take yi, in motar tana ciki to kowane ƙusa nata yana ciki. *cukla*, zama da'ira: tayoyi huɗu duk da'ira ne, sitiyari ma haka, motar ko kusa. *cmalu* ta fi muni, domin ko da kowane yanki ƙarami ne, dukan yana iya zama ƙato. Bulo dubu ƙanana, katanga babba.

Ma'aunai ma ba ɗabi'a ɗaya gare su ba. *ki'ogra* tarawa take. *kelvo*, ma'aunin zafi, ba ta tarawa: kofi uku na ruwa kowanne a 300, ka juye su wuri ɗaya, 300 za ka samu, *li cinono*, ba 900 ba. In zafinsu ya bambanta, abin da zai fito yana tsakani, gwargwadon yawan kowanne, wato lambar da wataƙila babu kofi ɗaya da yake da ita tun farko.

Wadda na fi so ita ce *spofu*, domin amsar tana cikin gurabenta: x1 ya lalace, ba ya amfanuwa ga aikin x2. Rediyon mota ya mutu. Motar ta lalace? Ga aikin jin labarai, e. Ga aikin tafiya, a'a. Injin ya mutu, amsoshin sun juya. Babu yadda gadri zai san wannan, bai ma ga x2 ba. Sai kuma masu haihuwa a sama kawai: *sruri*, kewayewa, da *jmaji*, taruwa. Sojoji ɗari sun kewaye gini, babu soja ɗaya da ya kewaye shi, babu abin da za a gada tunda babu mai shi a ƙasa. Gishiri kuwa ba sai na tsaya ba: *sodna* yana tashi da wuta in ya haɗu da ruwa, *kliru* iska ce mai guba, *silna* ba ya yin ko ɗaya.

Na-Littafi: Misalin gishiri ban karɓa ba, Malama. Sodiyam da kulorin da ke cikin gishiri sun riga sun sauya hali, ba su ne ƙarfen da iskar da kika siffanta ba, kuma dangantakarsu da gishiri ba *gunma* ba ce irin ta mutane da taronsu. Mota da taya ma *pagbu* ce. Littafin yana magana ne a kan dunƙulen abubuwa masu suna ɗaya, *loi prenu*, *loi djacu*. Ruwa, duk yankin da ka ɗebo ruwa ne.

Mai Awo: Na janye gishiri, ka yi gaskiya a nan. Amma sauran suna nan ko da an tsaya kan masu suna ɗaya. Mazan sikeli duk *nanmu* ne, bulo duk bulo ne, kofunan duk *djacu*. Ruwan ma yana da ƙasa: ka yi ta rabawa har ka kai *selci* ɗinsa, ƙwaya ɗaya mai haidurojin biyu da oksijin ɗaya, in ka ƙara rabawa ba ruwa ba ne kuma. Tun kafin nan ma ƙwaya ɗaya ba ta jiƙa komai, ba ta gudana. Abin da ke faruwa shi ne an cusa abu biyu a jaka ɗaya aka kira su *loi*: abin da ba a ƙirgawa kamar ruwa da man shanu, da taron masu ƙirguwa kamar mutane. Na farkon siffofi da yawa suna yawo tsakanin yanki da duka saboda yankunan iri ɗaya ne, sai aka ɗauki ɗabi'arsa aka shafa wa na biyun.

Almajirin Manɗiƙi: Rarrabewar da Na-Littafi ya yi tsakanin *pagbu* da *gunma* tana da kyau, sai dai shi take sara. *pagbu* tana zarcewa: yatsa yankin hannu, hannu yankin mutum, to yatsa yankin mutum. Zama cikin taro ba ya zarcewa haka: mutum yana cikin kwamiti, yatsansa ba ya cikin kwamiti. To *pisu'o lei prenu* wanne take bi? In *pagbu* take bi, yatsa ya shiga, ƙwayar zarra ma ta shiga, wautar da littafin ya gudu ta dawo. In mutane cikakku kaɗai take ɗauka, to *su'o* ce a kan ɗaiɗaiku ko ƙananan taruka, ba ma buƙatar *pi*. Sharaɗin "wadda ta dace" an sa shi ne daidai kan wannan tsaga.

Akwai kuma abin da ya raba *gunma* da rukuni wanda ba a cika faɗa ba. Rukuni membobinsa ne ke tantance shi: membobi ɗaya, rukuni ɗaya, shi ya sa *lo'i ratcu cu barda* ke nufin ɓeraye suna da yawa, kuma babu mai zaton rukunin yana da wutsiya. *gunma* ba haka take ba. Bulo dubu a jibge da bulo dubun nan a gine, x2 ɗaya ne, x1 biyu: ɗaya yana tare iska, ɗaya yana tare hanya. Mutum biyar ɗin nan su ne kwamitin kuɗi, su ne kuma na ladabtarwa, a rushe ɗaya ɗayan yana nan. In siffofin duka daga sassa suke gangarowa ko hawowa, da bai yiwu sassa ɗaya su ba da duka biyu masu siffofi daban ba.

Mai Tambaya: To a aikace, mai rubutu ya zai yi?

Xorlo Zalla: Ka fara da *lo* kawai. In kowa da kansa kake nufi, *ro lo*. In wasu daga ciki ne, *su'o lo*, kada ka laɓe bayan *loi* don ka ce "wasu". A ɗakinka na farko, *pa lo ci prenu cu sipna .ije re lo ci prenu cu cikna*, magana ta ƙare, babu mai barci a farke. Ka ajiye *loi* da *joi* sai inda taron ya zama abu mai zaman kansa, kuma in yana da suna ka kira shi da sunansa: *bende*, *kamni*, *girzu*, *derxi*. In kuma kana son yanki, *lo pagbu be*. Kuskuren da aka fi yi shi ne karanta tsohon rubutu da sabon ido: *loi* ta zamanin CLL tana ɗauke da *pisu'o*, ta bayan xorlo ba ta ɗauke da ita, saboda haka jimlar mai kilo 60 gaskiya ce a can, ƙarya ce a nan, harafi ɗaya bai sauya ba.

Na-Littafi: Na yarda nauyi ba ya gaduwa, na yarda *piro* da *pisu'o* ba tagwaye ba ne. Ban yarda an gama da *joi* ba. A cikin tanru, wato selbri mai kalmomi a jere, *ti blanu joi xunre bolci*, ƙwallo ce mai shuɗi da ja a gauraye, wataƙila zane-zane. A nan babu gadri, babu *pisu'o*, babu x2 na *gunma* da za ku nuna. In aka tambaye ku *xu ti blanu*, shin shuɗiya ce, me za ku ce?

Mai Awo: Sai mu tambayi *blanu* nawa take buƙata. Kankana ja ce a ciki kore a waje, kuma kore ake ce mata a kasuwa, ja a faranti. Alli kuwa sai ya zama fari har ciki. Ƙwallonka in shuɗin ɗigo uku ne a kan ja, *na go'i*, wato a'a. In rabi da rabi ne, ni ma *na go'i* zan ce, domin da za a iya cewa *go'i* ga launi biyun, da *je*, "kuma" ta manɗiƙi, ta wadatar, ba a nemo *joi* ba.